Furannin Auta a Bayan Tankin Ruwa

Ƙanwata furanni take sayarwa. Duk wanda na faɗa wa haka sai fuskarsa ta saki, ya ce, "Kai, sana'a mai kyau." Ni kuwa da na shekara takwas ina jinyar mahaifiyarmu, ban taɓa jin wanda ya yaba wa wankin zanen gado ba. Na faɗi wannan tun farko ne don ku san da wa kuke magana. Ina son ƙanwata, amma ina kishinta, kuma ba jiya abin ya fara ba.

Mu biyu ne wurin Inna, shekara tara tsakaninmu. Ni ake kira Babba, ita kuma Auta, har yanzu da furfura ta fara leƙo mata a goshi. Tun tana rarrafe komai nata abin dariya ne a wurin Inna. In na fasa kofi, sakarci ne. In Auta ta fasa, ai kofin ne dama ya tsufa. Boko bai karɓe ta ba, ni ce mai zuwa ta ɗaya a aji. Ita sai dai ta dawo da aljihu cike da furannin da ta tsinko a katangar mutane, ta jera su a gwangwanin madara a bakin taga. Inna ta karɓi takardar sakamakona ta tura ƙarƙashin katifa, ta koma tana kallon gwangwani.

Da ta gama sakandare da kyar, sai ta kama aiki wurin wani tsoho mai rainon shuke-shuke a bakin babban titi, tana ban ruwa tana cika ledoji da ƙasa. Shekara huɗu ta yi a nan. Daga baya wata mata mai ƙawata otal-otal da ɗakunan biki ta ɗauke ta, ta koya mata haɗa furanni. Da ciwon baya ya zaunar da matar, Auta ta kama wani ɗan lungu a ƙarƙashin matakalar bene, tsakanin kemis da shagon aski. Mutum biyu ba sa iya juyawa a ciki. Bokiti shida, teburi ɗaya, almakashi biyu, sai tsohon firjin lemo da ba ya rufuwa sai an tokare shi da kujera.

Masu cewa sana'ar 'yan gayu ce ba su ga hannuwanta ba. Ƙayar furen wardi ta gama zane su, tafin ya yi kaushi, farcen kullum kore. Gaskiya ɗaya ce, ta iya aikinta. Kowane kara sai ta yanke shi a karkace, a cikin ruwa, ta zage ganyen ƙasa don kada ya ruɓe. Bokitan nan kuwa ta fi wanke su a kan tukwanen gidanta, mijinta ma shaida ne. Takan ce ba ƙishirwa ke kashe fure ba, ƙazantar ruwa ce. In mutum ya shigo ba ta tambayarsa me yake so, sai ta ce, "Wa za a kai wa?" Ta saurari labarinsa tukuna, sannan ta miƙa hannu cikin bokiti.

Ni kuma bayan rasuwar mijina na dawo gida wurin Inna. Gwiwoyinta sun ƙi, kunnenta ya yi nauyi, sai an kai baki dab da na dama an ɗaga murya take ji. Waya ba ta da amfani a wurinta. Ɗakinta na can ƙuryar gida, duk labarin duniya ta bakina yake isa gare ta. Ni ce wanka, ni ce magani, ni ce girki, ni ce shan faɗa. Auta takan zo ranar hutu da 'yan furannin da suka yi mata kwantai, ta zauna awa biyu, ta sa Inna dariya, ta kama gabanta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sai annoba ta zo. Dokar kulle ta faɗo a makon da Auta ta cika firji da bokitai saboda bikin aure biyu da taron wani kamfani. Duk aka soke. Fure kuwa ba shinkafa ba ne da za a jingine buhu a jira. Kwana uku tana zaune a lungunta, ƙofa a rufe, tana sauya ruwa tana kallon kayanta suna sunkuyar da kai. Da ta kira ni tana kuka, bakina ya ce Allah ya mayar da alheri. Amma ba zan ɓoye muku ba, can cikin raina wani abu ya ce, yau dai ita ma ta ɗanɗana.

Rana ta huɗu ta ɗaure su ƙananan dammai, mijinta ya goya ta a babur, suka bi layi-layi suna rataya wa mutane a ƙofa kyauta, da 'yar takarda mai lambar wayarta. Na ce mata wannan hauka ne. Kafin mako ya zagayo wayarta ta fara ruri. Ba masu biki ba ne. Mutane ne da aka kwantar musu da 'yan uwa a asibiti, aka hana su ko leƙe. Su faɗa mata saƙo ta waya, ta rubuta a kati da hannunta, ta ɗaura a jikin furen, ta kai wa maigadin asibiti. Ma'aikatan jinya su jera furannin a bakin tagogi ta waje, su karanta wa mara lafiya katinsa. Masu lambun bayan gari, da su ma kayansu ke ruɓewa a gona, suka riƙa kawo mata. Ta samo takardar izinin fita.

Auta da ko wasiƙa ba ta iya rubutawa a makaranta, ita ce ta koma magatakardar rabin gari. Wani ya ce a rubuta wa matarsa cewa ya gano inda take ɓoye ashana, ta dawo kawai, ba zai ƙara mita ba. Wata ta ce a rubuta wa babanta ta yafe masa, bayan minti goma ta sake kira ta ce a yaga, a rubuta shi ya yafe mata. Har a rediyo aka ambaci mai furannin ƙarƙashin bene. Na tashi na kashe rediyon. An ce hassada ga mai rabo taki ce, to ni kam na zuba mata taki ba kaɗan ba.

Ni na yanke cewa ba za ta ƙara shigowa gidan ba, tunda kullum tana ƙofar asibiti, Inna kuma ga tsufa ga hawan jini. Wannan kam gaskiya ce, ita ma ba ta yi musu ba. Sai ta ɓullo da dabara. Kowace safiya, a hanyarta ta asibiti, ta ajiye kwalba mai faɗin baki da fure uku ko huɗu a kan 'yar katangar bakin ƙofarmu, mijinta ya danna hon sau biyu, su wuce. In akwai kwalbar da aka gama da ita, in ajiye mata a wurin ta ɗauka.

Bakin tagar Inna ya cika taf. Ba ta yarda a fitar da kwalba sai furen ciki ya gama zubewa. Ta sa na juya mata gado don ta riƙa kallonsu, tana yi musu hira kamar jikoki.

Wata safiya Inna ta ɓata shimfiɗa. Na ɗaga ta, na yi mata wanka, na jiƙa zannuwa. Na dafa abin kari ta ce gishiri ya yi yawa, na koma na sake wani. Bayana kamar zai tsinke. Sai na ji hon. Na je na ɗauko kwalba na ajiye mata. Ta shafa furen da ɗan yatsa, ta ce, ba ma da ni take ba, da furen take:

"Allah ya yi wa yarinyar nan albarka. Ita kaɗai ke tunawa da ni."

Ina tsaye a kanta da bokitin wanki a hannu.

Washegari da na ji hon, na ɗauki kwalbar, amma ban shiga da ita ba. Na ce wa kaina ai an ce cutar nan tana maƙalewa a jikin kaya, bari rana ta doke su tukuna. Na ajiye ta a tsakar gida inda rana ta fi zafi. Kafin azahar furannin sun yi laushi kamar tsumma. Na ce yanzu kuma abin kunya ne a kai wa Inna wannan, na juye su a bayan tankin ruwa. Da Inna ta tambaya na kai baki kunnenta na ce, "Yau ba ta zo ba."

Rana ta biyu ban ma wahalar da rana ba. Daga ƙofa sai bayan tanki. Na wanke kwalbar tas, na goge, na mayar kan katanga, don ni a rayuwata ba na iya kwana da abu mai datti a gida, kuma ba na riƙe kayan mutane. Na ce wa Inna aiki ne ya yi wa Auta yawa. Rana ta biyar na ce, "Kin san yanzu ta zama ta mutane, har a rediyo ake faɗarta." Allah ya yafe mini, wannan maganar sai da na shirya ta tun a kicin.

Mako guda Inna tana tambaya, sannan ta daina. Furannin tagarta suka zube ɗaya bayan ɗaya, ta ce in kwashe kwalaben. Wani yammaci ina shafa mata magani a gwiwa, sai ta ɗora hannu a kaina ta ce, "Ashe ke kaɗai nake da ke, Babba."

Shekara hamsin da ɗoriya nake jiran wannan maganar. In na ce ba ta yi mini daɗi ba na yi ƙarya. Na fita tsakar gida ina murmushi ni kaɗai, ranar har waƙa na yi ina wanke-wanke.

Amma abin bai tsaya inda nake so ba. Inna ta rage ci. Ta sa na mayar da gadon yadda yake, fuskarta ga bango. A mako na huɗu ta ce in sauke hoton Auta na ranar aurenta in sa a akwati. Na ce, "Haba Inna, abin bai kai nan ba." Ta ce, "Tana da furen kai wa iyayen wasu, ba ta da na uwarta. Ki faɗa mata, ko na mutu kada ta zo mini da fure." Ba da tsawa ta faɗa ba, a hankali ta faɗa, kuma na san Inna, in ta yi magana a hankali to ta kai zuci. Tsohuwa ce mai hawan jini a lokacin annoba, kowace safiya sai na tsaya a bakin ƙofa na ga ƙirjinta na motsi kafin in shiga. In ta tafi da wannan a ranta, Auta ce za ta rasa yardar uwa, kuma ni na sace mata. Duk da haka washegari na sake juye fure a bayan tanki. Ban san ta inda zan fara warwarewa ba.

Kwana biyu bayan haka na ji hon, na fita, sai na tarar ba su wuce ba. Mijinta ya matsa can gaba da babur. Auta na tsaye a tsallaken kwata, takunkumi a fuska, jakar katuna a kafaɗa. Ta rame, idanun nan sun faɗa.

"Yaya, ina kwana. Ya jikin Inna?"

"Da sauƙi. Tana gaishe ki."

Ta kalli kwalbar jiya da ke kan katanga tana ƙyalli. Ta ce, "Yaya, kwalabena suna dawowa da wuri."

Na ce, "To laifi ne don na wanke miki kwalba?"

"Da can sai kwalba ta yi kwana shida ba ta dawo ba, har sai na bi maƙwabta ina roƙon wasu. In ta dawo kuma da zoben ruwa a cikinta, wanda sabulu ba ya fitarwa. Yanzu ta jiya ce ke dawowa yau, fes. Ni ce nake yanka su, Yaya. Na san kwana nawa furena yake yi. Kuma na san Inna ba ta sakin fure da ransa."

Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Sai na ce, "Tun yaushe kika sani?"

"Tun makon farko."

"Shi ne kika ci gaba da kawowa? Asarar ta mece ce?"

"Na ce ko ba komai ke kina ganinsu kafin ki zubar. Ke ma ai a kulle kike." Ta gyara jakarta. "Ba faɗa na zo yi ba. Kuma kada ki faɗa mata. Ke kike kwana da ita, in ta yi fushi da ke ta ƙi karɓar magani a hannunki, wa zai ba ta? Ni in an buɗe gari na lallashe ta, kin san ba ta iya dogon fushi da ni."

Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Na yi mata mugunta wata guda, ta zo ta fi ni haƙuri, ta fi ni hankali, har ta ƙara da tuna mini cewa ita ba a dogon fushi da ita. Kishi ya taso mini, na neme ta da abin da na san zai yi mata ciwo.

"Lallashi? Ta sa na sauke hotonki. Ta ce ko ta mutu kada ki zo mata da fure."

Auta ta nemi gefen kwata ta zauna. Sai wayarta ta yi ƙara. Ta ɗauka ta ce, "Eh, ni ce mai furanni. Wa za a kai wa?" Ta zaro kati ta ɗora a gwiwa ta fara rubutu, hawaye na jiƙa bakin takunkumi, muryarta kuwa daidai, tana cewa, "Ina ji, Baba, faɗi a hankali." Da ta gama ta miƙe, ta ɗauki kwalbar jiya, ta hau bayan mijinta suka tafi asibiti.

Na ɗauki ta yau da hannu biyu na shiga da ita har ƙurya. Wardi ne ja guda uku, da wani fari ƙanana da ban san sunansa ba. Inna na kwance fuska ga bango. Na taɓa ta, ta juyo, ta ga kwalba, ta kawar da kai.

"Mayar mata."

Na zauna a bakin gado na kai baki kunnenta. Kowa in zai faɗi laifinsa ƙasa-ƙasa yake faɗa, ni ban samu wannan gatan ba. Na ce, "Inna, kullum tana kawowa. Ni nake zubarwa."

"Me ya zube?"

Na ƙara murya. "Furanni. Auta kullum tana kawowa. Ni ce nake zubarwa a bayan tanki."

"Tanki ya zube?"

Sai da na faɗa sau huɗu, na ƙarshen da iyakar ƙarfina, har na ji matar maƙwabcinmu ta kashe famfo ta bayan katanga. Na ce Auta ba ta taɓa fashi ba ko rana ɗaya. Na ce ƙarya na yi ta yi mata. Na ce kishi ne.

Inna ta zuba mini ido, ni kuma na sunkuyar da kai ina jira. Na shirya wa zagi, na shirya wa kuka, ko mari ne zan miƙa kunci. A raina har ina so, don ko ba komai wannan faɗan nawa ne ni kaɗai, tsakanina da uwata.

Ta ce, "Kullum?"

Na gyaɗa kai.

"Ko rana ɗaya ba ta fasa ba?"

Na sake gyaɗawa.

Sai fuskarta ta washe. Ta miƙo hannu ta karɓi kwalbar ta rungume, ruwan na zuba a zanen da na shimfiɗa da safe, tana dariya tana hawaye. "Ai na sani. Na ce yarinyar nan ba za ta yi mini haka ba. Ɗauko mini hoton nan. Akwai sauran abincin ɗazu?"

Shi ke nan. Ba ta ƙara tayar da maganar ba, ranar ko bayanta. Na ɗauko hoto na mayar a ƙusarsa, na ɗumama abinci ta cinye tas.

Washegari tun kafin lokacin hon ta ce sai an kai ta ƙofa. Shekara biyu rabonta da bakin ƙofar nan. Na fitar da kujera na ajiye daga ciki, na dawo na goya ta, don ba ta iya taka tsakar gidan. Na ɗaura mata takunkumi, na lulluɓe mata ƙafa, na buɗe ƙofa duka biyu. Da babur ya tsaya, Auta ta sauko da kwalba a hannu, ta ga Inna, ta tsaya cak a tsallaken kwata. Babu mai iya taɓa wani, kuma ko Auta ta yi magana Inna ba za ta ji ba daga nan. Sai kallon juna suke.

Na lura mayafin Inna ya zame daga kafaɗarta, ga iskar safiya. Na zagayo gabanta na sunkuya ina gyara mata.

Ta sa hannu ta ture ni gefe a hankali, ta ce, "Matsa, Babba, kin tare mini ita."